Hannun Harisu a Kafaɗata

Sabha, Libiya
Watan Safar

Zuwa ga ƙanena Musaddiq mai hoto, bakin tasha, Daura.

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan har da ɗoriya rabona da gida, tun ranar da ka raka mu tasha ni da Harisu kana riƙe mana jaka. A tsawon wannan lokaci ban taɓa zama na rubuto maka takarda ba, sai saƙon baki. To ka san abin da ya sa na nemi biro yau ba ƙarami ba ne.

Ina fata kana lafiya, da Inna Nagoggo da sauran mutanen gida. Ni lafiya lau, in ban da ciwon baya, shi kuwa ya riga ya zama ɗan gida. Muna nan a gonar Balaraben nan, ban-ruwa da ɗaukar buhu.

Bayan Babbar Sallah na ba Mati, mai kai mana saƙo gida, katin kyamarata ya kawo maka. Hotunan tafiyar da muka yi Turabulus ne ni da Harisu, lokacin da maigidanmu ya sa muka raka motar dabino. Ba don ado na aiko ba. Harisu ƙanen matata Adawiyya ne. Mahaifinsa Malam Badaru ya damƙa mini shi hannu da hannu a zaurensa da ke garin Babban Mutum, ya ce ga amana nan. Tun da Harisu ya tsaya a Turabulus ya daina kiran gida, na ji an fara ƙananan maganganu. Na ce to bari Malam ya ga ɗansa da idonsa, ya san a tsaye da ƙafarsa na bar shi.

Jiya Mati ya dawo ya miƙo mini ambulan daga gare ka. Na buɗe na ga wani mutum mai kumatu, fari sol kamar ɗan Balarabe, sanye da shadda wadda ban taɓa mallaka ba, a tsaye gaban wani bene da ban taɓa shiga ba. Sai da na duba kunnuwan na gane ni ne. Wannan duk da sauƙi. A hoton da na aiko, a bakin teku muke mu biyu, Harisu ya dafa ni. A wanda ka wanke, babu teku, babu Harisu. Amma hannunsa yana nan a kafaɗata, yatsu huɗu, babu mai su. A tsintsiyar hannuna kuma ga agogon da Malam ya sayo masa a Makka, mai jan madauri, wanda duk Babban Mutum sun san shi.

Mati ya ce irin wannan hoton ka sa a gilashi ka aika wa Malam. Ya ce ba a kwana biyu ba Malam ya turo aka ɗauke Adawiyya da yara daga ɗakina, wai su zauna gida sai an san inda ɗansa yake. Ban ga laifin tsohon ba. Ko ni aka kawo wa hoton surukina sanye da agogon ɗana, ɗan nawa kuma ba a bar komai nasa ba sai yatsu, abin da zan zata ke nan.

Tambaya uku nake maka. Wa ya sa ka cire shi? Wa ya sa ka ɗaura mini agogonsa? Katina yana ina?

Ɗan'uwanka,
Kalilu

*

Daura
Watan Gani

Yaya Kalilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zafi a bayan. Na leƙa Baure ranar kasuwa, Baba yana nan da ƙarfinsa.

Yaya, ka yi mini faɗa kamar na yi sata, alhali sana'ata na yi. Yanzu ba wanda ke karɓar hoto yadda kyamara ta haife shi. Mai ƙuraje a share masa, mai rama a cika shi, wanda bai da mota a jingina shi da mota. Akwai alhazan da suka je Makka da gaske, amma hotonsu gaban Ka'aba a shagona aka yi shi, don can ba su samu sarari ba. Kai ka yi shekara uku a waje, ka aiko hoto duk ƙashin wuya, da wata riga mai tabon mai. In na wanke shi haka mutanen Baure su ce me? Su ce Kalilu ya je Libiya ya koma abin tausayi? Ni mutuncinka na duba. Kuma saƙon da Mati ya faɗa mini da bakinsa shi ne, ka ce a fito da ku fes yadda Malam zai ji daɗin gani.

Batun Harisu, gefen da yake tsaye rana ta haske shi, bai fito da kyau ba, shi ya sa na yanke. Yatsun nan kuskure ne, ina cikin aikin aka ɗauke wuta, da ta dawo na manta ban ƙarasa ba. Agogo kuwa, na ga hannunka fayau ga shadda mai tsada, ga agogo a kusa, na ɗauko na ɗora. Wallahi ban san tarihinsa ba. Ni ba ɗan Babban Mutum ba ne.

Amma tunda tambaya ake yi, ni ma ina da tawa, kada ka ji haushi. Na duba katin nan tun daga farko har ƙarshe. Hotunan hanyar zuwa, ku biyu ne, a kan buhunan dabino, a gidan mai, a gindin wani dutse. Na hanyar dawowa kai kaɗai ne, kuma babu inda ka yi dariya. Me ya faru a Turabulus? Mutane suna tambayata a shago. An ce Malam Badaru ya fara zancen zuwa gaban alƙali. In akwai abin da ya kamata dangi su sani, gara mu ji daga bakinka.

Katinka yana nan a ajiye.

Ƙanenka,
Musaddiq

*

Sabha
Ƙarshen Rabi'us Sani

Musaddiq,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya. Ka gaida Inna, ka ce na gode da maganin.

Na karanta takardarka har sau uku, ko zan samu inda gaskiya ta maƙale. Wace irin rana ce wannan da za ta ƙone mutum ɗungurungum ta bar agogonsa garau har ana karanta lokaci? Ni na yi shekara uku a ƙarƙashin ranar Sahara, ban ga mai irin wannan zaɓe ba. Ka nemi wata ƙaryar, wannan ba ta da ƙafa.

Eh, na ce a fito da mu fes. Mu na ce. Mutum biyu.

Zan gaya maka abin da nake zato, in na yi kuskure Allah ya yafe mini. Lokacin da za mu taho kai ka fara roƙona in tafi da kai. Na ce kuɗin mota na mutum biyu ne, kuma Malam ya riga ya yi magana. A tasha ka riƙe jaka kana murmushi, amma na ga idonka. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, ban taɓa zaton abin zai kwana a ranka shekara uku ba. Yanzu ga shi an kawo maka Harisu a kwamfuta a tsaye inda ka so tsayawa, ka sa hannu ka share. Ko kuwa wani ne ya zauna kusa da kai yana nuna maka inda za ka goge? Akwai waɗanda zaman Adawiyya a ɗakina bai taɓa yi musu daɗi ba, ka san su na san su.

Ka tambayi abin da ya faru a Turabulus. Ga shi, ka karanta wa duk mai tambaya. Mun sauke dabino. Harisu ya haɗu da wasu 'yan Damagaram masu wankin mota, suka ce akwai gurbi. Na ce mu koma tare, ya ce ya gaji da shan rana a gona, shi ba yaro ba ne, shekararsa ashirin da bakwai. Mun yi cacar baki a gaban direba. Ban dake shi ba, bai zage ni ba. Na ba shi bargona, ya raka ni har mota. Lambar da ya ba ni ta yi aiki wata guda, daga nan ta mutu. Ka ce ban yi dariya a hanyar dawowa ba. Kai in ka bar amanar mutane a garin da ba ka san kowa ba, dariya za ka yi?

Na kira gidan Malam a wayar maƙwabcinsa. Ina jin muryar Malam yana cewa a gaya wa mai agogo ba ya nan. Adawiyya kuma ba a bari ta zo kan waya.

An ce gani ya kori ji. Kai ka zo ka kori ganin ma. Abu ɗaya nake so. Ka wanke hoton bakin tekun nan yadda yake, kada ka taɓa ko ƙwayar yashi, ka kai wa Malam, ka aiko mini da ɗaya.

Kalilu

*

Sabha
Jimada Sani

Musaddiq,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in kana son sani.

Mati ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce ya tsaya a shagonka sau biyu, na farko aka ce ka tafi Kano sayen takardar hoto, na biyu ya hango ka ta taga kana sunkuyawa bayan kwamfuta. Ya ce Adawiyya tana nan Babban Mutum, ya ga 'yata Hasana a ƙofar gida ta yi tsawo, ta tambaye shi wai da gaske ne babanta ya yi fari.

Damina ta kusa. Ba wanda zai share mini gona, don wa zai taimaki mutumin da ake zargi da jini? Baba ya daina zama a dandali.

Yanzu na fara tunanin katin nan babu shi. Ko ka goge, ko ka sayar wa wani ya ɗauki biki a kai. In haka ne ka faɗa, in san ba ni da shaida a duniya sai Allah. Shirun nan ya fi mini ƙaryar ranar ciwo.

Kalilu

*

Daura
Rajab

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi shuka, ruwa ya zauna. Ni da Sama'ila ɗan Kawu mun sa an share gonarka an zuba gero, kada ka damu da wannan.

Gaskiya ne na ɓuya wa Mati. Ba don katin ya ɓace ba. Maganar da ka yi ta tasha ce ta tsaya mini a rai, na rubuta amsa na yaga, na sake na yaga. Na so tafiya, ban musa ba. Amma da na bi ka, da yanzu ni ma ina ɗaukar buhu da ciwon baya. Ba ni da abin da zan riƙe ka da shi, kuma ba wanda ya zauna kusa da ni.

Zancen rana ƙarya ce, ka kama ni. Ga dalilin. Cikin ambulan ɗin nan akwai hoto biyu. Ka fara duba wanda na rubuta ɗaya a bayansa. Shi ne naka yadda yake, ban taɓa ba. Allon kyamararka bai fi akwatin ashana ba, ni kuwa na buɗe shi ya cika kwamfuta. Ka dubi Harisu da kyau. Gajeren wando ne a jikinsa, gwiwa a waje. Singileti. Sarƙa a wuya. Gashi ya taru an murɗe shi ƙulli-ƙulli. Sannan ka dubi bayan kunnensa na dama ka gaya mini mene ne wannan farin.

Yaya, kai ka daɗe ba ka nan. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Malam Badaru ne ke tashi bayan sallar Juma'a yana magana a kan shigar samari. Shi ya sa masu ƙwallo a Babban Mutum suka koma sa dogon wando. Shi ya hana mai shayin bakin masallaci sayar da sigari. Mutumin nan zan sa wa wannan hoton a gilashi, a kai masa zaure gaban ɗalibansa magidanta? Na ce in rufa wa Harisu asiri, in rufa wa tsoho, in rufa maka kai da aka ba riƙo. Na kasa gaya maka don kada ya zama ni na kai ƙarar ƙanen matarka. Garin gyaran gira na tsokane ido, na sani.

Yanzu ka dubi na biyu. Kwana biyu na yi a kansa. Tekun yana nan, kai kana nan da rigarka mai tabon mai tunda haka kake so. Harisu na sa masa farar shadda da hula, na rage gashin, na cire abin kunnen, agogonsa na hannunsa. Babu yatsan da ya yi saura, na duba sau goma. Wannan in Malam ya gani hankalinsa zai kwanta, Adawiyya ta koma ɗakinta, ba wanda ya ji kunya. Ni shawarata ke nan. Amma ba zan sake yin gaban kaina ba. Wanda ka ce, shi zan kai.

Ƙanenka,
Musaddiq

*

Sabha
Sha'aban

Ƙanena Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya saka da alheri a kan gonar, kai da Sama'ila.

Da farko, maganar tasha na janye ta. Na zarge ka da hassada, ashe wauta ce kawai, ita kuwa a danginmu ba a kanka aka fara ba. Ka yafe mini. Amma agogon nan ba zan daina jin haushinsa ba har in mutu, wannan ka sani.

Na duba hoto na ɗaya na daɗe. Wallahi ban ga abin da ka gani ba sai yanzu. A nan kowa haka yake yawo, ɗan limami da ɗan mahauci, idona ya saba har ya daina gani. Sigarin ma na san yana sha, na yi faɗa har na gaji. Ranar ban lura yana bayan kunne ba.

Na biyun kuwa ka iya aiki, ba zan hana ka ba. Harisu kamar ango. Na nuna wa Auta, wani ɗan Mashi da muke ɗaki ɗaya, ya ce in shi ne ko shawara ba zai yi ba, wannan zai aika. Na kwana biyu ina tare da shi a wannan ra'ayi. Na gaji, Musaddiq. Ina son matata ta koma ɗakinta ko ta wace hanya.

Abin da ya hana ni shi ne wannan. Malam ya riga ya san akwai na'urar da ke cire mutum ta bar yatsu. Duk garin sun sani. In ka kai masa Harisu cikin shadda mai guga a bakin teku, kusa da ni da nake kamar wanda aka tono, zai ce da aka cire shi an ga bai yi ba, yanzu an nemo tsohon hotonsa na Sallah an liƙa. Daga nan ko Harisu da kansa ka wanke masa ba zai yarda ba. Ƙarya ɗaya ta kai matata gidansu. Ta biyu kotu za ta kai ni.

Na san abin da na ɗayan zai jawo mini. Malam zai ce na ba ka mai karatu ka mayar mini da shi ɗan tasha. Zan sunkuyar da kai, don akwai gaskiya a ciki. Gara ya ce na yi sakaci da tarbiyyar ɗansa da ya ce na ci ransa na ɗaure agogonsa.

Ka kai na ɗaya. Kai da kanka, ba aike ba. Ka bari sai bayan La'asar mutane sun watse daga zaure. Kada ka sa a gilashi. Ka gaya masa da bakinka abin da ka yi wa na farko da dalilin da ya sa. Kada ka ƙara haske, kada ka rage. Akwai wani ƙuda a kan singiletinsa, shi ma ka bar shi.

Wani abu kuma da na gani, wannan tsakanina da kai. Ni kyamara nake kallo. Harisu ba ita yake kallo ba, ruwan yake kallo. Akwai masu kwale-kwale a garin nan da ke kwasar samari zuwa Turai. Tun da na lura da idon nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Yayanka,
Kalilu

*

Daura
Cikin Azumi

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Kowa lafiya.

Na je. Na hau motar Baure, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa zuwa Babban Mutum. Na sami Malam shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Kai ne mai cire mutane?"

Na ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Yau wa aka cire?"

Na faɗa masa komai yadda ka ce. Bai katse ni ba. Na miƙa hoton da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe, Yaya. Har na fara duba inda na ajiye takalmina.

Can ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Wannan na bayan kunnen mene ne?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mai yiwuwa alli ne."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Alli. To Allah ya ba da ilmi mai amfani."

Sai ya koma kan gwiwar Harisu ta hagu. Akwai wani tabo a wurin kamar ƙaramin lauje, ni na ɗauka datti ne, a hoto na biyu ma shadda ta rufe shi. Ya ce, "Kai ka zana wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba za ka iya ba, ba ka san da shi ba. Garma ce ta yanke shi yana ɗan shekara tara, ni na ɗaure da rawanina." Ya ce, "Wanda zai yi mini ƙarya ba zai kawo mini ɗana a haka ba. Wannan na yarda da shi."

Ya sake kai hoton kusa da ido, ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Bai sayar da agogon ba."

Daga nan ya ɗaga murya ya kira Hajiya, mahaifiyarsu. Ta zo bakin labule ta karɓa, ta ce, "Innalillahi, wane irin kai ne wannan kamar sheƙar tsuntsu? Ba sa cin abinci ne a can?" Tana faɗa tana kuka tana dariya. Adawiyya ta karɓe daga hannunta. Ita ba ƙanenta ta tsaya kallo ba, kai take kallo. Na ji ta ce, "Haka ya koma?" ta shige ciki.

A nan zan faɗi laifina. Na tafi da na biyun a aljihu, ko da abu zai ɓaci. Da zan tashi ya faɗo. Hajiya ta gani ta ce a ba ta, wannan za ta kafa a ɗaki saboda baƙi, wancan kuwa ba mai ganinsa. Malam ya ce, "Ki kafa, amma duk wanda ya tambaya ki ce rigar aro ce." Na gaskiyar ya sa shi cikin littafin da ke gabansa ya rufe. Mutumin da ya sha faɗa mana a wa'azi cewa ajiye hoto ba shi da kyau.

Washegari aka mayar da Adawiyya da yara Baure, da buhun gero da kaji biyu. Baba ya koma zama a dandali.

Ga saƙon Malam, ya sa na maimaita har sau biyu don kada in gyara. Ya ce ya zalunce ka da zato, ka yafe masa. Ya ce batun wando da gashi sai kun haɗu, akwai magana. Ya ce kuma hoto ya nuna masa ɗansa na raye ranar da aka ɗauka, bai nuna masa yau ba, kuma shi bai ce amana ta ƙare a bakin teku ba.

Ni ban gaya masa zancen idon ba. Amma na ga ya daɗe a wurin.

Ƙanenka,
Musaddiq

*

Sabha
Bayan Ƙaramar Sallah

Ƙanena Musaddiq,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah. Ina lafiya, bayan ma ya ɗan lafa. Na yi magana da Adawiyya a waya, Hasana ta karɓe ta ce ita ta fi son baban mai kumatu. Ka ga abin da ka jawo mini.

Ka gaya wa Malam na yafe, ni ma ya yafe mini. Maganarsa ta ƙarshe kuma gaskiya ce, na so in ji haushinta na rasa ta inda zan kama.

Niyyata da in biyo Mati wannan zuwan, in iso kafin a gama girbi in ga geron da kuka shuka mini. Na fasa. Na yi sallama da Balarabe, jibi zan hau motar Turabulus. Zan fara da masu wankin motar nan 'yan Damagaram, in bi duk inda suka nuna. Na ɗayan da ka aiko shi zan riƙa nunawa, don da na biyun ko a gabansa na tsaya ba wanda zai gane shi. In na same shi zan ɗauke shi hoto a yadda na same shi. Kai kuma ka wanke, ka cire hannunka.

Mutanen Baure sun ga shadda da bene, na san akwai masu jiran in dawo da mota. Ka karanta musu wannan, kada ka ƙara ko sifiri. Abin da na tara a shekara uku da wata goma: dinari dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Atamfa uku na Adawiyya. Takalma biyu na yara, in ba su yi musu kaɗan ba. Bargo ɗaya na Baba. Kyamara ɗaya mai fasasshen allo. Kayan na ba Mati ya kawo. Dinari ɗari huɗu na haɗa da su, a sayi abin da gida ke bukata. Sauran ɗari takwas da sittin, da kyamarar, da su zan tafi neman Harisu.

Yayanka,
Kalilu